Daga Kan Roba zuwa Bakin Baba

Horon mai wankin haƙori yana farawa ne da majinyacin da ba ya numfashi. Kai ne na roba da ake ɗaurewa a jikin teburi, bakinsa a hangame, kowane haƙori an kafa shi da noti, in ɗalibi ya lalata a kwance a sa wani. Wani likitan haƙori na birnin Gilasgo, Oswald Fergus, shi ya ƙirƙiro shi a 1894. Sana'ar kanta ƙanwa ce a wajen wannan kai, domin sai a 1913 Alfred Fones ya buɗe makarantarta ta farko a Bridgeport ta Amurka, bayan ya fara koya wa mataimakiyarsa Irene Newman. Yawancin masu karatun har yau mata ne, saboda haka a nan za a riƙa cewa ɗaliba, mazan ajin su yi haƙuri.

A kan robar ake koyon riƙon ƙarfen kankara. Ana riƙe shi da yatsu uku, a kafa na huɗu a kan wani haƙori don kada hannu ya zame. Ana shafa wa haƙoran dattin ƙarya, wasu wuraren jan farce ne kawai, a ce a kankare. Wuyar tana wajen ɗan madubin baki. Bayan haƙoran sama ba ya ganuwa sai ta madubi, shi kuwa madubi juya al'amari yake yi, ɗaliba ta yi niyyar gaba hannunta ya yi baya. Makonni ake ɗauka kafin ido da hannu su daina gardama. Duk da haka wannan ne lokacin jin daɗinta, don majinyacin ba shi da miyau, ba ya tari, ba ya kuma tambayar ko an kusa gamawa.

Mataki na biyu shi ne gwaji a bakin juna. Ana raba ajin bibbiyu, ɗaya ta kwanta ɗaya ta yi aiki, sannan a sauya. Tsarin ba ya buƙatar mai tsaro, domin wadda ke riƙe da ƙarfe yanzu ta san wa zai riƙe shi an jima. A nan ake tauna ƙwayar nan mai rina dattin da burushi bai fitar ba. Sau da yawa wadda ta fi kowa wa'azin goge baki sau biyu a rana ita ce haƙoranta ke fitowa jajawur, kuma haka za ta hau adaidaita sahu zuwa gida, mayafi a kan baki.

A nan kuma ake koyon awon dasashi. Akwai siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita da ake zurawa a hankali tsakanin haƙori da dasashi. In zurfin bai wuce milimita 3 ba lafiya lau, daga 4 zuwa sama an fara samun rami, alamar ciwon dasashi. Kowane haƙori wuri 6 ake aunawa, ke nan cikakken baki mai haƙora 32 awo 192 ne, wata na faɗa wata na rubutawa. In mai rubutu ta tsallake gida ɗaya, duk lambobin da suka biyo baya sun koma kan haƙoran da ba nasu ba, kuma ba a ganewa sai an kai ƙarshe an ga saura lamba babu haƙori.

Sai batun neman majinyata na gaske. Kowace ɗaliba tana da littafin da malamai ke sa wa hannu, kuma sai ta cika adadin da aka yanka mata, har da bakuna masu wahala. Daga nan kallonta ga jama'a ke sauyawa. Tana hira da mai shayi ko direba, idonta na kan haƙoransa kamar dillali a kara yana duba shekarun sa. Bakin da kowa zai kau da kai daga gare shi, wanda goro ya shekara talatin yana yi wa fenti, shi ne abin nemanta. 'Yan uwa kuwa da sun hango ta sai su koma murmushi baki a rufe.

Samun mutanen ba sauƙi. Da yawa ba sa zuwa sai haƙori ya hana su barci, kuma cirewa suke so, ba wanki ba. Da azumi ɗakin kan yi tsit da rana, kowa na tsoron ruwa ya wuce masa maƙogwaro. Ga kuma maganar da ta yaɗu cewa wankin asibiti yana sa haƙora girgiɗi. Maganar tana da tushe, sai dai an ɗora laifi inda ba nan yake ba. Datti ne ke daskarewa ya zama dutse, ya kumbura dasashi, ciwon ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, dutsen kuma ya cike gurbin. In an kankare, ɓarnar da ya ɓoye ce ke bayyana. Bayanin daidai ne, amma ba ya hana tsohuwa ta karɓi madubi ta ce, "'Yar nan, da girmana kika yi mini wushirya?"

Ranar majinyaci na farko kusan iri ɗaya ce ga kowa. Dattijo ya zauna, ɗaliba ta taka maɓallin kujera, maimakon ta ɗaga sai ta kwantar da shi har hula ta faɗi. Da ta gama sa safar hannu hancinta zai fara ƙaiƙayi, in ta sosa sai an sake sabuwa. Sannan ta haɗu da harshe, wanda duk inda ƙarfe ya nufa yana biye da shi. Bututun zuƙar miyau ya kama kunci. Injin kankara, mai girgiza sau dubbai a daƙiƙa, yana fesa ruwa don kada haƙori ya yi zafi, rabin ruwan a gilashin idonta. In an ɗauke wuta, kujerar ta tsaya a yadda take, a koma kankara da hannu, ƙawa na haskawa da fitilar waya, Baba na kallon silin yana salati.

Lambobin haƙora ma suna jawo nasu rikicin. A tsarin da ake bi, an raba baki gida huɗu, lambar farko ta nuna gida, ta biyu ta nuna haƙori. Saboda haka 36 turmi ne na farko a ƙasa ta hagu, kuma uku-shida ake faɗa. Ɗalibar da ta rikice takan ɗaga murya ta ce, "Malama, talatin da shida ya ruɓe." Baba ya ture madubi ya miƙe zaune: "Talatin da shida? Likita, dukansu nawa ne a bakin nawa?"

Bayan awa uku ɗaliba ta ce ta gama, sai a kira malama. Ita kuma ta san inda dutse ke taruwa: bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turamen sama, wuraren da miyau ke ɓulɓulowa. Ta zura ƙarfe sau ɗaya, ya yi ƙaras, ta tambaya, "Wannan kuma wa kika ajiye wa?" Babu sa hannu sai an sake.

Saura wanke kayan aiki da dafa su a tukunyar tururi, minti 15 aƙalla a zafin digiri 121, ko minti 3 a 134. Kafin nan akan sallami majinyaci da nasiha: burushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, asawaki ya ci gaba da aikinsa, a rage zaƙi, a dawo bayan wata shida. Baba ya ce in Allah ya kai mu, ya sa albarka, ya laluba aljihu, sannan ya tambaya ko yanzu zai iya cin goronsa, ko sai ya fita ƙofa.