A Gaishe Da Masu Gadin Iska

Yaba kyauta tukwici. Ya kamata mutanen Durba, da na Kibiya da Rano baki ɗaya, su miƙe su jinjina wa dokokin Najeriya na kare iska, da hukumomin da aka damƙa wa amanarsu. In dai rubuta doka ce, ba a bar mu a baya ba.

A 1988 aka wayi gari da gangunan guba daga Italiya jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yau. Shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli, FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki kafin a fara shi. A 1999 aka buɗe Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu aka kafa NESREA, mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Ita kuwa ta zage damtse: ƙa'idar hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili a 2011, ta hayaƙin motoci a wannan shekarar, ta fasa dutse a 2013, ta ingancin iska a 2014. Babu hayaƙin da ba a ware masa shafinsa ba. Sannunku da aiki!

Tsarin mulki ma bai manta da huhunmu ba. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Don kada talaka ya wahalar da kansa da zirga-zirgar kotu, sai aka ajiye wannan alkawari a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana alƙali tuhumar gwamnati a kansa. Wannan ai tausayi ne.

Amma babban abin yabo shi ne kawaicin waɗannan dokoki. Da bazara ana sharar gona, hayaƙi ya turnuƙe daga Durba har Tarai. Da rani a cinna wa daji wuta saboda gafiya. Injin niƙa na tuƙa baƙin hayaƙi a tsakiyar unguwa, yara na layi da kwanonin dawa a bakinsa. Bola na cin wuta da ledoji a cikinta, tsofaffin motocin kasuwa na bin hanyar Rano suna barin baƙin gajimare a baya. Doka na ganin duk wannan, ba ta taɓa ɗaga murya ta kunyata kowa ba. An ma rubuta ta da Turanci an adana a Abuja da intanet, don kada manomi ya ji abin da ke cikinta hankalinsa ya tashi.

Kunyarta ta fi bayyana a ƙofar madafa. A nan uwargida ke durƙusawa gaban murhu safe da yamma, tana hura ɗanyen itace da kara, wani lokaci ta kunna da leda don wuta ta kama da wuri, goyo na bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. In hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga. Yaro ya kwana yana tari, haƙarƙari na sama da ƙasa, a ce sanyi ne ya kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Dokokinmu masu tarbiyya sun san ba a shiga gidan matan aure, sai suka tsaya a zaure.

Ga kuma haƙuri. A 1979 aka yi dokar da ta ce daga 1984 an daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai. Aka ɗaga zuwa 2008, aka ɗaga zuwa 2020, yanzu ana maganar 2030. Sannu ba ta hana zuwa. Gas ɗin da zai dafa tuwon Durba ba tare da hawaye ba yana ci bal-bal a sararin Neja Delta dare da rana, alhali tsadarsa ta mayar da 'yan birni ma kan gawayi, itatuwan karkara na tafiya Kano a buhu. Don gudun rigima da manya, dokar 2007 ta cire harkar mai da gas daga hurumin NESREA tun farko. Haka ake zaman lafiya.

Sai hikima. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'aunin ƙananan ƙwayoyin ƙura da ke ratsa huhu su shiga jini. Wa ya taɓa jin an sanar da mutanen Kibiya ko Rano adadin da suke shaƙa? Wanda bai auna ba ai ba za a kama shi da mugun labari ba. Ko a Zamfara a 2010, da ƙurar daka duwatsun zinare mai gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, hukumominmu ba su yi azarɓaɓi ba. Sun bari likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara kururuwa.

To, yabo ya isa haka, domin masu tarin 'ya'yanmu ne. Muna kira ga NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano su juya waɗannan ƙa'idoji zuwa Hausa a riƙa karanta su a rediyo. A kafa na'urar auna iska a Rano, a riƙa faɗa wa jama'a sakamakon. Ƙananan hukumomi su farfaɗo da aikin duba-gari, su sauƙaƙa wa mata samun murhu mai cin itace kaɗan. Hakimai da dagatai da limamai su yi magana kan ƙona daji da hura wuta da leda. Dokar da ba ta rage hayaƙi a madafar Durba ba, ba ta kare ran kowa ba, kuma waɗanda ke karɓar albashi da sunanta za su amsa tambaya a kan haka.