Ranar da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Gani Ba

A ɗakunan GRA ta Bauchi inda matasa ke haɗuwa koyon rubuta manhaja, wasu daga ATBU, wasu daga Poli ta Gwallameji, babu abin da ke tona halin mutum kamar baƙin allo ya rubuto masa "command not found" ko "No such file or directory". Maganar layi ɗaya ce: na duba, ban ga abin da ka kira ba. Amma zauna ka sha kallo.

Mai Fomat ne ke fara miƙewa. Filashinsa na rataye jikin makullin babur, kuma maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: "Malam, kawo mu sa mata sabuwar Windows." Kafin azahar hotunan bikin yayarka sun tafi. Ya sake saka Python, ya sake tsallake ɗan akwatin nan na shafin farko da ke cewa a ƙara shi cikin PATH, kuskuren ya dawo daram. Alhali PATH jerin wurare ne kawai da kwamfuta ke leƙawa idan an kira umarni, tamkar yaron da ka aika sayen masa a Wunti ka lissafa masa rumfa uku. Ko da mai masar na zaune a ta huɗu, zai dawo ya ce babu. Ka yi wa Mai Fomat wannan bayani, ya kaɗa kai ya ce ai daman na'urar ta yi nauyi.

Na gefensa Kwafi-Liƙa ne. Ba ya karanta tambaya, amsa yake farauta. Stack Overflow na nan tun 2008, don haka sai ya tono maganin da aka ba wani mai Ubuntu shekaru goma da suka wuce, ya zuba apt-get cikin Windows, ya zauna jiran ikon Allah. Da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa kakarsa ta yanke saƙa. In an rubuta masa misali aka ce sa sunan fayil ɗinka a nan, da "sunan fayil ɗinka" zai liƙa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Ai-A-Tawa-Tana-Yi. Ya sa wa hoto suna Tambari.png, a cikin aikin ya rubuta tambari.png. Windows ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami, amma Linux da ke kan sabar ba ta ɗaga ƙafa. Shafi ya buɗe ba hoto, mai aiki na ta kira, shi kuwa ya juyo maka allonsa yana rantsuwa: "Wallahi ga shi nan, duba da idonka!" Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta amfani kowa ba.

Akwai mai ɗaukar allon da waya ya tura zauren WhatsApp: "Salam, masana a taimaka." A hoton ana ganin fanka da rabin fuskarsa, saƙon kuskuren ne kaɗai ya yanke. Jibi sai ka ga "Alhamdulillah ta yi." Ta yaya? Shiru.

Alhaji mai ritaya, da ya shigo koyo don kada jikoki su raina shi, yakan fara zargin netiwok, ya koma kan bairos, daga bisani ya rage murya ya ce, "Injiniya, anya babu hannu a abin nan?" Hannun nasa ne. A Notepad ya ajiye aikin, ya zama aiki.py.txt, Windows kuma ta ɓoye wutsiyar. Wani tsohon hannu kuma na can yana huci don an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020 ba a shawarce shi ba.

A kujerar baya akwai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba. Ita takan karanta saƙon har ƙarshe, ta buga dir, ta ga ashe a wata folda take tsaye, ta yi cd, shi ke nan. Ba a tuna da ita sai la'asar, bayan man janareta ya kusa ƙarewa.

Mai karatu, in ka gyara PATH ka ga kuskuren bai tafi ba, rufe baƙin allon ka buɗe sabo, don tsohon bai san an yi gyara ba. Ka yi sauri kafin Mai Fomat ya hango ka.