Kawaicin JavaScript Ya Yi Yawa

Ni dai na gaji da rufa wa JavaScript asiri. Tuhumar da nake yi masa ita ce kawaicinsa ya wuce gona da iri, shaidata kuwa Math.acosh, wanda ya shigo harshen a 2015. Cosh shi ne lissafin lanƙwasar da igiyar shanya ke yi idan ta saki ciki, acosh kuma da baya yake tafiya, ka ba shi amsa ya nemo maka tambaya. Tunda cosh ba ya taɓa sauka ƙasa da 1, acosh ba shi da ta cewa kan lambar da ba ta kai 1 ba. Ba shi 1, ya ba ka 0. Ba shi 2, ya ba ka 1.3169 da 'yan rakiyarta. To, ba shi 0.5 mana. Ko tari ba zai yi ba, sai ya miƙo maka NaN, wato "ba lamba ba", kamar ɗan aiken da ya rasa kaya a kasuwa, ya ƙulle leda wayam ya ajiye maka a bakin ƙofa. Ita kuma NaN duk lambar da ta taɓa ta shafa mata, ka tambayi typeof ya rantse maka lamba ce, ka gwada ta da kanta ta ce ba su taɓa haɗuwa ba.

Na san za a ce, wa ya aike ka ba shi 0.5? Madalla. Tara 0.1 sau goma a harshen nan, abin da za ka samu 0.9999999999999999 ne. A wurin mai hankali 1 ke nan, a wurin acosh kuwa NaN. Masu kare JavaScript za su ɗora laifin kan ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, amma ai Python ma a kanta yake lissafi, kuma da ka ba shi 0.5 zai kwarma ihun ValueError, har ya nuna maka layin. Sai kuma masu taurin kai da za su ce a rubuta lissafin da hannu, Math.log(x + Math.sqrt(x*x - 1)). Allah Ya ba da sa'a: ba shi 1e200 ya ce Infinity, alhali amsar ba ta kai 462 ba. Hujjarsu mai ɗan nauyi ita ce bai kamata shafin intanet ya mace saboda lamba ɗaya ba. Na yarda, amma shafin da ke nuna wa jama'a NaN a gurbin amsa, wace rayuwa yake yi?

Malam mai rubuta manhaja, tun kafin ka miƙa wa acosh lamba, ka tabbatar ta kai 1, bayan ya amsa kuma ka caje shi da Number.isNaN.