Baƙi a Kwamfutar Kanmu

Mu dai mutanen Nassarawa GRA, in ana maganar izini, ba a koya mana. Daga Lamido Crescent har Sultan Road, kowace ƙofa da maigadinta, baƙo sai ya faɗi sunansa da na wanda ya aiko shi, a shiga a tambayo, a dawo a ce masa Alhaji na barci. To ga shi Allah ya haɗa mu da daidai mu. Ka sayi kwamfuta da kuɗinka, ka ɗora ta a teburinka, har ƙyalle ka yafa mata saboda ƙurar hunturu, ran da ta gama sabunta kanta ka je buɗe takardar da kai ka rubuta jiya da hannunka, ta ce ba ka da izini, ka nemo admin. Ikon Allah! Wane ne admin a gidan nan in ba ni ba?

Admin dai, in za mu faɗa wa juna gaskiya, yaron nan ne na Farm Centre da ya zuba mata Windows shekarun baya, wanda lambarsa ke cikin wayar da ta ɓata. Ko kuma ɗan ƙanwarka da ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirrin a kansa. A kira shi, ya ce, "Kawu, gwada 1234." An gwada. "To gwada sunan Hajiya." Wace Hajiyar? Nan fa zance ya koma wani, sai a rage murya.

Shi wannan maigadin na kwamfuta tun Windows Vista yake bakin aiki, a 2007, an ajiye shi ne don kada wata muguwar manhaja ta taɓa cikin injin ba da sanin mai shi ba. Amma wa ya taɓa karanta tambayarsa? Akwatin na fitowa, mun danna "eh". Da zai ce in sayar da gidan, da tuni mun koma haya.

Batun kashewa kuwa, nan ne kowa ke da kashi a gindinsa. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin gyare-gyarenta, mu kuma wata shida muna ce mata sai anjima, don data ba ruwan famfo ba ce. Ranar da haƙurinta ya ƙare, sai ta zaɓi daidai kiran magariba, an ɗauke wuta, man janareta saura kaɗan, ta rubuto cewa kada a kashe ta. Ta kai kashi 30, ta zauna. Ka yi alwala ka dawo, kashi 30. Mu da ke wa yara wa'azin cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce, mu ne za mu danne maɓallin da babban yatsa har fankarta ta yi shiru, masu zafin cikinmu ma waya suke fizgewa daga bango. Ita kuwa tana tsakar sauya fayilolinta, rabi sabo rabi tsoho, kamar tela ya farke riga aka kira shi ɗaurin aure. Da safe ta buɗe da fuskar baƙuwa, allo wayam, ba hotunan biki, ba takardar fili, sai mu ce bairos ne. Laifi tudu ne.

Wani ɗalibin kwamfuta a layinmu ya taɓa ba ni mamaki. Ya ce tun Windows 8, a 2012, kashewar da muke yi ba kashewa ba ce, gyangyaɗi ne: tana ajiye wani abu a ranta don ta tashi da wuri, har da matsalar jiya. Mai wanke ta tas ita ce sake kunnawa, ko ka riƙe Shift lokacin da kake danna kashewa. Kuma takardun da ka ga sun ɓace galibi suna nan a tsohon ɗakinsu, ɗakin wucin gadi aka shigar da kai. Na ce madalla. Har yau yatsa nake sawa.

Uzuri dai ba ma rasawa. Tun ranar 19 ga Yuli, 2024, da sabuntawar CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, duk majalisa sai ka ji, "Ai ko a Amurka haka take." Babu wanda ke da CrowdStrike a cikinmu. Da kuma aka ce daga 14 ga Oktoba, 2025, an janye wa Windows 10 tallafi, duniya na jimami, mu muna hamdala a ɓoye, an rabu da kashi 30.

Ƙarshenta dai a sa ta a bayan mota sai Farm Centre. Yaron ya kunna, ya girgiza kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai fomat." Ya gama, ya tambayi kalmar sirrin da zai sa. Ka ce, "Sa kowacce, kai dai ka riƙe min."