Lissafin Dutsen Guga

Abubuwa uku ne ke riƙe da lissafin lantarki: matsin wuta da ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke kwarara a waya da ake aunawa da amfiya, sai turjiyar da na'ura ke yi mata, ita kuma da om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya ɗaure su wuri guda a littafinsa na 1827: a raba matsi da kwarara, a sami turjiya. Masanan ƙasarsa suka yi masa kunnen ƙashi, sai a 1841 aka karrama shi a Ingila.

Ƙarfin aiki kuwa, wato wat, ninka matsi da kwarara ake yi.

Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230, wanda shi ne ma'aunin Najeriya a takarda, yana jan amfiya kimanin 4.3, turjiyarsa kuma om kimanin 53. Matsalar ita ce turjiyar nan kusan ba ta sauyawa. Idan matsin ya faɗo zuwa bolt 115, kwararar ma ta koma rabi, rabi sau rabi kuma kwata ne: wat 250 kacal. A nan ne maigida kan yi ta lallashin babbar rigar shadda ranar Juma'a, yana tofa wa gindin dutsen yawu, yawun ko cas bai ce ba. Yakan la'anci mai shagon da ya sayar masa, alhali dutsen ya ci lissafinsa daidai.