Agwagin Sabon Gari

Daga Fagge zuwa bakin teku tafiyar wajen kilomita 1,000 ce a mota, amma wannan bai hana mu sayen takalmin agwagwa ba. Laifin fatauci ne. 'Yan Kwari da 'yan Singa sun je Dubai da Jidda, sun ga Turawa na goya tukunyar iska suna shigewa ƙarƙashin ruwa kallon kifi, suka dawo da zancen. Da aka sami wani matashi da ya koyi sana'ar a Masar, a bakin Bahar Maliya, sai muka riƙa haɗuwa ranar Asabar da safe a wurin wankan wani otal a Sabon Gari, can bayan Titin Faransa, kafin masu kiɗa su farka.

Darasin biyu ne kacal: yadda za ka buga ƙafa, da yadda za ka tsaya a tsakiyar ruwa, ba ka taso ba, ba ka nutse ba. A baki kamar shan fura. A cikin ruwa kuwa, nan halin kowa ya fito.

Na farko shi ne Mai Keke. An ce masa bugun daga ƙugu yake tasowa, ƙafa a miƙe, gwiwa ta ɗan saki kaɗan. Ya ce ya gane. Yana shiga sai ya kama feda, gwiwa na zuwa ƙirji tana komawa, kamar yaron shago da aka aika Bata ana kiran sallah. Kumfa ta tashi, haki ya tashi, shi kuwa yana nan kan tayil ɗin da ya fara. In ya fito sai ya duba takalmin, ya ce ɗan Chana ne.

Akwai Ɗan Kududdufi, wanda tun yana ɗan shekara bakwai yake satar jiki zuwa kurme, ya sha bulala a kai har ta zame masa takardar shaida. Ba a koya masa komai, shi ke gyara wa malam. Hannu yake sawa gaba, yana yaƙushin ruwa, alhali mai tukunya naɗe hannu yake a ƙirji ya bar ƙafa ta yi aiki. Da aka zo bugun kwaɗo, wato ka tanƙwara gwiwa, ka buɗe ƙafa, ka haɗe tafin takalmi a baya sannan ka saki jiki ruwa ya kai ka, sai ya ce ai wannan a unguwarsu aka ƙirƙiro shi. Haɗewar ya iya. Sakin jikin ne ya gagara, don a kududdufi wanda ya dakata shi ake dannewa.

Sai Alhaji. Allah ya yi masa rufin asiri, kuma rufin asirin ya taru a gaba. Kitse ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka Alhaji na shiga sai ya taso ɗungurungum kamar gorar masuntan Argungu. Maganin shi ne bel mai dalma a ƙugu, amma da awo: a ruwa mai zurfi, falmaran da mai nutso ke hurawa ba iska a ciki, numfashi daidai, ruwa ya tsaya maka a ido, in ka fesar ka yi ƙasa a hankali. Alhaji bai san awo ba sai na yadi.

"Ɗana, ƙaro biyu."

"Ranka ya daɗe, kilo shida ne a jikinka."

"To, cike takwas, a yi albarka."

Ya sami takwas ɗinsa, ya sauka ƙasa tim, ya zauna dirshan kamar mai jiran ciniki. Daga nan ya hura falmaran don ya tashi, ƙugu na ja ƙasa, kafaɗa na ja sama, ya riƙa tafiya a tsaye kamar mai ratsa kasuwa. Malam ya gaya masa a teku sai an ƙara dalma, don ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum. Wannan kaɗai Alhaji ya riƙe a duk darasin.

Maƙwabcinsa Guga ne. Falmaran ɗin na da maɓalli biyu, na hurawa da na sacewa, shi kuma yatsansa bai san hutu ba. Ya danna, bai ji komai ba, ya ƙara, sai ga shi a sama. Ya sace duka, sai ga shi a ƙasa. Abin da ya kasa yarda da shi shi ne ruwa ba ya amsawa nan take, sai ka ɗan jira. Ga kuma sharrin iska: kana hawa tana kumbura, kana sauka tana matsewa, har a zurfin mita 10 takan koma rabin girmanta. Wanda ya saba da hon ɗin adaidaita sahu, ina ya ga haƙurin daƙiƙa biyu?

Wanda ya fi ba malam tsoro shi ne Mai Tattali. Ya ji kuɗin cika tukunya, sai ya ƙudura ba zai yi almubazzaranci ba, yana shaƙa yana ƙullewa kamar mai lallaɓa data. A nan malam ba ya dariya. Iskar da ka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, in ka riƙe ta ka taso za ta buɗe a cikin huhu ta yaga shi, ko da a ruwan da bai kai tsayin mutum biyu ba. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa na'urar shaƙar nan a Faransa, dokar farko ba ta sauya ba: kada numfashi ya tsaya. Mai Tattali ya saurara da kyau, sannan ya tambaya ko ana mayar da canjin iskar da ta rage.

Mai Hoto kuwa ba ya daɗewa a ƙasa. A yaren masu nutso ɗaga babban yatsa na nufin a hau sama, "lafiya lau" kuma zobe ake yi da yatsu biyu. Duk sanda aka juyo da kyamara sai ya ɗaga babban yatsa, malam ya kamo shi ya fito da shi. Sau huɗu a safiya ɗaya.

Ni Mai Shara suke ce mini. Ƙafafuna ke rinjaya ƙasa, ina tafe ina tayar da ƙurar hunturun da ta kwanta a gindin ruwa, na baya ba ya ganin ko hannunsa.

Akwai wani tela daga Fagge ta Kudu, siriri, ba ya magana, kullum shi ne ƙarshen shiga. Mun ɗauka tsoro ne. A mako na uku muka leƙa muka gan shi kwance a tsakiyar ruwa, hannu a naɗe, gwiwa a tanƙware, bai taɓa maɓalli ba. In ya shaƙa ya ɗan ɗago kamu ɗaya, in ya fesar ya koma. Minti biyar yana haka. Da ya fito Alhaji ya tare shi a bakin tsani, ruwa na ɗiga daga gemu.

"Malam tela, tsakani da Allah, kilo nawa ka ɗaura?"

"Biyu, Alhaji."

Alhaji ya yi shiru, ya dubi nasa bel ɗin, ya dubi na telan. Sannan ya matso, ya rage murya, ya tambaye shi nawa zai sayar.