Lo Karan da Dutsen Guga

Mu mutanen Gusau Allah Ya hore mana lissafi. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta ƙirga maka ribar buhun gero tiya-tiya, ko sisi ba za ta ɓata ba. Amma da an zo maganar wuta sai mu rataye lissafin a bayan ƙofa. Ko dai ful karan, ko lo karan, iyakar karatunmu ke nan. Sai ihun "NEPA!" da yara ke yi in an kawo, alhali tun 2005 sunan ya koma PHCN, kuma daga baya Kaduna Electric ta karɓi raba wutar Zamfara.

Wata Juma'a da dare muna majalisa a teburin mai shayi a Tudun Wada, sai ga maƙwabcinmu yana huci, wai da yamutsattsiyar shadda ya je masallaci.

"Wutag ga ba ta da ƙarhi," in ji shi. "Awa guda dutsen guga na jone, ko ɗumin kirki bai yi ba."

Mai gyaran wutar unguwarmu, wani ɗan Bunguɗu da ba ya rabuwa da 'yar mitarsa a aljihu, ya ajiye kofi. "Alhaji, ka taɓa juya dutsen ka karanta abin da ke gindinai?"

Ina fa! Waye cikinmu ya taɓa? Aka aiki yaro ya ɗauko: wat 1000, bolt 230. Mai gyaran ya karɓi biro ya yi ta zane a kan kwalin madara. In ka raba 1000 da 230, ka sami amfiya 4.3, wato yawan wutar da dutsen ke sha. In ka sake raba 230 da 4.3, ka sami om 53, wato turjiyar wayar da ke cikinsa.

"Wanga 53 halin dutsenka ne, Alhaji, ba ya sake shi don yau Juma'a."

Shi kuwa da hantsi ya auna layinmu, bolt 150 ya gani. Raba 150 da 53, amfiya 2.8. Ninka 150 sau 2.8, wat 420. Alhaji ya biya kuɗin dutse mai wat dubu, yana guga da ƙasa da rabinsa. Wutar ta sauka da kashi ɗaya cikin uku, zafin ya sauka fiye da rabi, don ta fuska biyu aka rage shi.

Da mai gyaran ya ga mun yi zuru, sai ya kai mu fadamar garinsu a bakin Gulbin Sakkwato. Bolt shi ne ƙarfin da injin ban-ruwa ke turo ruwa da shi, amfiya yawan ruwan da ke bi, om kuwa ƙuncin tiyo. Nan kowa ya gane, har mai shayi. Ashe ma abin da muke kira lo karan turin ne ya yi rauni tun farko. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa wannan ƙa'ida tun 1827. Shekara kusan ɗari biyu tana tafe, sai ranar ta iso teburinmu.

To me muke yi in wuta ta yi lo? Mai hali ya sayo stabilaiza. Ita kuwa ba ta haifar wuta. Don ta ba firjin Alhaji bolt 230 daga layin da ke da 150, tilas ta zuƙi amfiya fiye da kima, kamar mai babban cokali a kwanon taro. Wayar layi ta ƙara ɗaukar zafi, turin ya ƙara faɗuwa, ƙwan fitilar na ƙarshen lungu ya koma ja kamar garwashi. Shi ma ya ci bashi ya sayo tasa. Haka muke ta ja-in-ja a kan tiransifoma ɗaya, kowa na tsine wa wanda bai gani ba.

Ni kaina ba zan wanke hannuna ba. A ɗakin uwargida akwai soket mai baki huɗu, kuma a ganinmu baki huɗu na nufin a cika su. Dutsen guga 1000, hitar ruwa 1500, risho na lantarki 1500: wat 4000, amfiya 17 da ɗoriya. Fis ɗin da ke cikin fulogi amfiya 13 aka rubuta masa, wat dubu uku ba kaɗan. Ya tsinke, ya yi aikin da aka halicce shi dominsa, mu kuma muka ce jabu ne, muka naɗa masa zaren waya mai kauri. Bayan kwana biyu ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba. Mai gyara ya ce in amfiya ta ninka biyu, zafin waya ninki huɗu yake yi.

Wani ƙanena da ke cajin waya da sola a Tsafe ya ce ai shi ya huta, batirinsa bolt 12 ne kacal, ko siririyar waya ta ishe shi. Aka miƙa masa kwalin madara. Kayan cajinsa wat 600 a kan bolt 12, amfiya 50. Ya daɗe yana kallon lambar.

"Yaya, shi ya sa kan batirin ke ƙona mini yatsa?"

Bai sami amsa ba, don a daidai nan yara suka ɗauki ihu daga bakin titi, ƙwan mai shayi ya haska fari tas. Alhaji ya suri dutsensa ya yi gida da sauri. Kafin in ƙarasa shayina benci ya zama fayau, kowa ya tafi jona nasa, kuma ina kallo ƙwan ya fara komawa ja.